Kubenka na Farko

Idan za ka ɗinka wa wuƙarka kube, fara da zaɓen fata. Ran Talata ka shiga kasuwar Talata Mafara, ka nemi ƙirgi mai kauri wanda aka jeme da bagaruwa. Jar fatar akuya, mai launin karan dafi, kyakkyawa ce amma ta yi laushi. Ajiye ta don rufin waje.

Ɗora wuƙar a kan kwali, ka zana ta, ka bar sarari kamar faɗin yatsa ta gefen kaifi. Kwalin za ka fara yankawa, don fata ba ta da araha.

Ga inda sababbin hannu ke faɗuwa: suna ɗinke baki biyu na fatar kai tsaye, kaifi ya yi ta cin zare har kube ya ɓarke a ƙugun mutum. Yanko siririyar fata ka sa a tsakaninsu, ita kaifi zai riƙa taɓawa. Huda da basilla, shafa wa zaren kakin zuma, ka ninka ɗinki a baki da wajen tsini.

Sannan jiƙa kuben kaɗan, shafa wa wuƙar mai, naɗe ta da leda, zura ta, ka danna da yatsa ya kama siffarta. A inuwa zai bushe; rana tana busar da fata ta tsage.