Injin iska: kuɗin saye da kuɗin riƙo

Darasinmu na yau a kan injin iska yake. Inji ne mai manyan fukafukai bisa dogon turke na ƙarfe. Iska tana juya fukafukan, shi kuma injin yana mai da juyin nan wutar lantarki. Yana da ƙane wanda ba ya ba da wuta, aikinsa jawo ruwa daga rijiya zuwa garka. Shi ne famfon iska.

Maganar ta shafe mu. A shekarar 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Savannah Energy na Ingila, da nufin kafa irin waɗannan injuna a Tarka, cikin jahar Tawa. Mun ji wasu na cewa wuta za ta zama kyauta, tun da ba a sayen iska a kasuwa. Gaskiya ne injin ba ya shan gazuwal. Amma duk wanda ya taɓa sayen raƙumi ya san kuɗin da ya ba dillali somin taɓi ne. Akwai kanwa, akwai magani, akwai ladan mai kiwo.

To, me injin iska yake ci?

Fukafukan babban inji suna juyawa a hankali, sau 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Sashen da ke haifar da wuta kuwa, a yawancin injuna, yana son juyi wajen 1.500 a minti. Tsakaninsu akwai akwati cike da ƙarafa masu haƙora, kamar giyar mota, shi ke ninka gudun. Haƙoran nan suna gugar juna dare da rana, cikin mai suke iyo. In man ya tsufa ko ƙura ta shige shi, haƙora su cinye. Canjin mai ƙaramin kuɗi ne. Canjin akwatin kuwa babban al'amari ne, don sai an kawo motar ɗaga kaya mai dogon wuya, a sauko da shi daga sama. Kafin motar ta iso injin yana tsaye, iska tana wucewa a banza. Saboda haka ma'aikata suke hawa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, su duba mai, su sa giris, su ɗaure kusoshin da suka saki.

Masana sun ƙiyasta cewa a cikin kowace dala 100 da wutar injin ke ci, tun daga kafa shi har tsufansa, dala 20 zuwa 25 na kulawa da gyara ne. Rayuwar injin kuwa shekara 20 zuwa 25 ce.

Kuma ƙarfinsa yana raguwa da shekaru. A 2014 malaman wata jami'a ta birnin Landan sun bi lissafin injunan ƙasar Birtaniya. Sun gano wutar da suke bayarwa tana raguwa da kusan kashi 1,6 cikin 100 kowace shekara. Mu yi lissafi irin namu. A ce gona ta ba da dami 100 bana. Bayan shekara 10 sai ta ba da wajen 85, bayan shekara 20 wajen 72. Wanda ya ci bashi yana zaton dami 100 zai riƙa ɗauka har abada, zai ji kunya ranar biya.

Wannan a ƙasar da ba ta san hunturu ba ke nan. Mu a nan, daga Nuwamba zuwa Maris iska tana ɗauke da ƙura. Ƙurar tana manne wa fukafukai, rairayi yana goge bakinsu kamar yadda yake goge fentin mota. Fiffiken da ya yi kaushi ba ya yanka iska da kyau. Zafin bazara yana tsinka mai. Farkon damana kuma ga guguwa ga aradu. An shirya manyan injuna su tsai da kansu idan gudun iska ya kai wajen mita 25 a daƙiƙa, don kada su karye.

Maƙwabtanmu sun riga mu gwadawa. A Lambar Rimi, kusa da Katsina, an shirya kafa injuna 37 na kamfanin Vergnet na Faransa. Dabararsu ta burge mu: fiffike biyu gare su, kuma ana iya kwantar da turken a ƙasa, a yi gyara ba tare da neman motar ɗaga kaya ba. Duk da haka aikin ya ci fiye da shekara 10. A watan Disamba na 2012 aka sace wani injiniya Bafaranshe a garin Rimi, aiki ya daɗe a tsaye. A ƙasar Senegal kuwa, a Taiba Njai, an buɗe injuna 46 a 2020. Tun ranar ciniki masu wurin suka ƙulla da kamfanin Vestas, wanda ya ƙera injunan, cewa shi zai kula da su shekara 20. A ganinmu wannan takarda ta kulawa ba ta gaza takardar saye daraja ba.

Mu dawo garka, inda abin yake hannunmu. Ƙungiyar da ke son famfon iska ta fara duba wuri. Idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta yana ninka sau 8, saboda haka tudu mai sarari ya fi bayan itatuwa nesa ba kusa ba. A tambayi mai sayarwa: ina ake samun kayan gyara, a Maraɗi ko Damagaram, ko sai an aika ƙasar waje? Wa zai koya wa samarinmu biyu aikin? A gina tankin da zai riƙe ruwan kwana 3, don akwai ranakun da ganye ma ba ya motsi.

Ranar da ruwa ya fara zuba, ranar za a buɗe asusu. Kowane mai fangali ya riƙa zuba abin da aka yanka, magatakarda ya rubuta a littafi, a karanta wa jama'a kowane wata. Daga asusun za a sayi man da ake canzawa sau ɗaya a shekara. Daga nan kuma za a sayi fatar da ke cikin famfo, wadda ruwa mai rairayi ke cinyewa da sauri. Alamarta ba ta da wuyar ganewa: fukafukai suna juyawa kamar kullum, amma ruwan da ke fitowa ya ragu. A naɗa mutum ɗaya na kusa da garka, wanda da ya ga hadari ya haɗo daga gabas zai je ya ja birki.