Hukuncin Gudun Dogon Zango Da Tafiyar Iyali Dominsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi tseren nan na dogon zango da ake kira gudun ya-da-ƙanin-wani, da kuma tafiyar da mai gudu kan yi dominsa tare da iyalinsa. Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, watau mil 26 da 'yan kai, kuma haka aka auna shi a wasannin Landan na 1908. Bazazzagi zai fi gane nisan in an ce masa ganuwar birnin Zariya kusan mil goma ce in an kewaya ta, saboda haka mai wannan gudu kamar ya tashi daga Ƙofar Doka ne ya zaga birni sau biyu da rabi bai tsaya ba. Tun daga 2016 ake yin irin wannan tsere a Ikko. To, in saurayi daga Unguwar Juma ko Kona ya ce zai shiga, abu uku kan tsaya wa iyayensa a rai: ko gudun ya halatta, ko kuɗin ya halatta, da kuma yadda za a yi da salla a hanya.

Asalin tsere a Sunna

Imamu Ahmad da Abu Dawuda sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa fita wata tafiya tare da Nana A'isha tun tana da ƙuruciya. Ya umurci sahabbai su yi gaba, sa'an nan ya neme ta da tsere, ta kuwa tsere masa. Bayan shekaru, ta yi jiki, suka sāke yi a wata tafiyar, ya tsere mata, ya yi dariya ya nuna mata cewa an rama ta farko ke nan. A nan akwai halaccin tsere da ƙafa, akwai tafiya da iyali da faranta musu rai, akwai kuma kiyaye mutuncin mace, domin sai da maza suka yi nisa tukuna.

Har wa yau Imamu Muslim ya kawo labarin Salamatu ɗan Akwa'u, wanda ya shahara da gudu a cikin sahabbai. Gab da yaƙin Haibara maharan Fazara suka kore raƙuman Annabi. Salamatu ya bi su da ƙafa shi kaɗai, yana harbinsu da kibau, har ya ƙwato dabbobin. Annabi ya yabe shi da cewa shi ne gwanin dakaru a wannan rana, ya ba shi rabo biyu, na mahayi da na mai ƙasa. A kan hanyar komowa wani Ba'ansare da ba a taɓa tsere masa ba ya yi ta neman abokin karawa. Salamatu bai sauka ba sai da ya nemi izni. Da suka fara, ya bar mutumin ya yi gaba tudu ɗaya ko biyu yana tattalin numfashinsa, daga baya ya ɗaga ƙafa ya riga shi shiga Madina. Wannan tattali shi ne asirin dogon gudu har gobe, don wanda ya ƙare ƙarfinsa a mil biyar na farko ba ya ganin na ashirin.

Imamu Buhari kuma ya ruwaito cewa an yi sukuwa a gaban Annabi, dawakin da aka horar suka yi mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba kuwa aka tsayar musu da wajen mil ɗaya. In an tausaya wa doki haka, ɗan Adam ya fi cancanta. Wanda bai yi watanni yana shiri ba, ko mai ciwon zuciya, ya jefa kansa cikin mil 26 a rana mai zafi, ya ci amanar jikin da Allah ya ba shi.

Maganar kyauta

Mafi yawan malamai suna ganin cewa in 'yan tsere suka zuba kuɗi kowa da kowa, wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce. Game da kyautar da wani dabam ya sa, mazhabar Maliku, kamar yadda ake karantarwa cikin Muhtasar a zaurukan birni, ta keɓe sa lada ga tseren dawaki da raƙuma da harbi, ta halatta tseren ƙafa in ba lada kuma da kyakkyawar manufa. Hanafawa sun faɗaɗa, sun shigar da tseren ƙafa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha cikin 2003, ta halatta gasa mai kyauta bisa sharuɗɗa: abin ya zama halal a kansa, kada kyautar ta fito daga aljihun dukan masu gasar, ya zama akwai amfanin da Shari'a ta yarda da shi, kada kuma ya sa a bar farilla ko a aikata haram. Saboda haka mai shiga ya bincika, daga ina kyautar ta fito? In daga gwamnati ne ko wani mai ɗaukar nauyi da halal ɗinsa, yana da malaman da zai dogara da su. Wanda kuma ya yi gudunsa don lafiya ya bar kyautar, ya fita daga saɓani.

Salla da azumi a hanya

Tafiyar da ake ƙasaru a cikinta a mazhabar Maliku ita ce ta mil 48, watau kilomita 80 da wani abu. Daga Zariya zuwa Kano ma an wuce wannan, balle Ikko mai fiye da kilomita 800. Amma fa akwai sharaɗin da mutane kan manta. Ƙasaru sunna ce ga wanda tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, ba kuma ta wasan banza ba. Mai saɓo an hana shi, mai shagala an karhanta masa. Ashe niyya ita ce za ta raba tsakanin matafiya biyu da ke mota ɗaya. Wanda ya fita neman lafiya da ƙarfin ibada ko abin ciyar da iyali dabam, wanda ya fita don a tafa masa dabam.

Ba a fara ƙasaru da fita ƙofar gari, sai an wuce gine-ginen da suka haɗe da garin. Mai tafiya arewa in ya fita Ƙofar Doka yana cikin Tudun Wada ne, gaba kuma ga Sabon Gari, saboda haka sai ya bar gidaje a bayansa. Azahar da La'asar da Lisha su ne ake mayarwa raka'a biyu-biyu. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika. Iyalin da suka isa Ikko ranar Alhamis da yamma da nufin juyowa ran Lahadi suna nan a kan ƙasarunsu, sai dai in sun bi limami mazauni. An kuma yi rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Lisha, ga wanda ke kan hanya.

Yawanci da sassafe ake sakin 'yan gudu, don haka sallar da aka fi jin tsoron tozartawa ita ce Asuba. A yi ta kafin a shiga sahu. Akwai kuma tseren da ke cin yini, kamar na Afirka ta Kudu da aka fara a 1921 mai kusan kilomita 90, da na hamadar Maroko da aka fara a 1986 mai wajen kilomita 250 cikin mako guda. Wanda ya shiga irin waɗannan salla ba ta faɗi a kansa ba, in ya rasa ruwa ga taimama.

Tsere a kan kansa ba uzurin shan azumi ba ne. Tafiya ce uzuri, in an fita kafin alfijir, a rama daga baya. Wanda ya kwana da niyyar azumi a cikin tafiya, sa'an nan ya karya da gangan don a saki gudu, mashahurin zance a mazhabar Maliku shi ne ramuwa da kaffara sun hau kansa.

Haƙƙin iyali

Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma wando mai kai gwiwa bai taɓa hana kowa gudu ba. Mace sai da suturarta, ba ta kuma yin tafiyar yini da kwana sai da miji ko muharrami. Ɗa ya nemi yardar iyayensa, domin in an mayar da mai son zuwa jihadi gida saboda hidimar iyaye, ina ga mai zuwa tsere? Maigida kuma kada ya kwashe kuɗin cefane da na makarantar yara ya zuba a kuɗin mota da masauki, gama ciyarwa wajibi ce, gudu kuwa halal ne kawai. In da hali ya tafi da su, ya tuna mace da yara ba kayan rakiya ba ne, a sama musu masauki na mutunci, a kai su ziyarar dangi, a sada zumunci, tafiyar ta zama ta kowa.

A ƙarshe mai karatu ya tuna da Nana Hajara, wadda ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai tana nema wa jaririnta ruwa. Tafiyar wajen kilomita uku ce, amma Allah ya mayar da ita ibada a kan kowane alhaji, domin gudu ne da aka yi saboda iyali tare da dogara gare Shi.

Allah ne mafi sani. Allah ya ba da lafiya mai amfani, ya kai matafiya gida lafiya, amin.