Jinin da Ya Wuce Kwanakinsa

Idan jinin al'ada ya rikice wa mace a ƙasar Hausa, wurin malamar Islamiyya take fara dosa, ko ta aiki maigida ya tambayo liman: a yi salla ko a dakata? Malamai kuwa ba su bar tambayar ba amsa. Wanda ya karanta Ahalari ya san cewa a mazhabar Malikiyya yarinyar da ta fara ganin jini iyakarta kwana 15, wadda ta saba kuma ta ƙara kwana 3 a kan kwanakinta, muddin ba ta haura 15 ba. Abin da ya wuce haka istihala ne, sai ta yi wanka ta koma ibada. Tun zamanin Manzon Allah (SAW) Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ta kai irin wannan kuka, aka sanar da ita cewa jinin jijiya ne, ba haila ba.

To, a nan yawancin matanmu suke tsayawa. An warware maganar salla, jini kuwa yana ta zuba.

Ku lura, jama'a, kwana 15 ɗin nan ƙa'idar ibada ce, likita yana da nasa ma'auni. A wurinsa, daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da na gaba zai fara, kwana 21 ne zuwa 35, zubar kuma kada ta wuce mako guda. Saboda haka matar da ke yin kwana 12 duk wata, a wajen malam tana cikin hailarta, a wajen likita kuwa tana bukatar bincike. Jinin da lafiyayyar mace ke zubarwa a wata yawanci bai fi cokalin cin abinci biyu ko uku ba. Ba mai aunawa da cokali, amma akwai alamun cewa ya yi yawa: a jiƙe audugar mata ko ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu, a tashi da dare don canzawa, a ga gudaji manya, a ɓata zane da shimfiɗa duk da an yi shiri.

Me ke kawo shi? A shekarun farko na balaga, da kuma dab da ɗaukewar al'ada, wajen shekara 45 zuwa 55, sinadaran da ke sarrafa mahaifa sukan hargitse. Allurar tazarar haihuwa da ashanar hannu sukan sa ɗigo, robar mahaifa mai jan ƙarfe takan ƙara yawan jini. Wannan a koma wurin malamar asibitin da ta saka. Sai ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a matan Afirka. Ƙari tsiron nama ne, ba ciwon daji ba, amma tsoron "za a cire min mahaifa" ya hana mata da yawa zuwa asibiti har ciki ya yi kamar na wata shida. Alhali akwai ƙwayoyin rage zuba, akwai kuma aikin da ake cire ƙarin a bar mahaifar.

Akwai wanda ake gado. A 1926 wani likitan ƙasar Finlan, Erik von Willebrand, ya ba da bayanin wani dangi da jininsu ba ya daskarewa da wuri. Yarinyar da ya fara dubawa a cikinsu, jinin al'adarta na huɗu ne ya yi ajalinta. Don haka uwar da ta ga 'yarta tana yawan haɓo, dasashinta yana jini, ga al'ada kamar an buɗe famfo tun farkon farawa, kada ta ce "haka mu ma muke a gidanmu". Wannan maganar ita ce ma dalilin zuwa gwaji.

Jini iri uku ba a kwana da su. Na farko, wanda ya zo bayan ɓatan wata tare da ciwon mara mai tsanani da jiri: yana iya zama ɓari, ko ciki ne ya zauna a bututun mahaifa, in ya fashe kuwa sai tiyata cikin gaggawa. Na biyu, jini bayan saduwa. Na uku, jinin da ya dawo wa dattijuwar da ta shekara ba ta gani ba. Waɗannan biyun na ƙarshe suna iya zama alamar dajin bakin mahaifa ko na cikinta. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV mai haddasa dajin bakin mahaifa, kyauta.

Ɓarnar da aka fi raina ita ce ƙarancin jini. Mace ta ɗashe, tafin hannu ya yi fari, ta ɗauki bokiti guda tana haki, tana kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, a gida kuwa ana cewa son jiki ne. Sai a je kemis a sayo maganin ƙarin jini, a haɗa da zogale da hanta. Duk suna da amfani, amma randa mai yoyo ake ɗura wa ruwa. Asfirin ma a guje shi a kwanakin, don ƙara zubar yake yi.

Maigida, kai ne da izini, kai ne da kuɗin mota. Kunya takan hana mace faɗa, amma kana ganin kwanakin da ba ta salla. Tambaye ta. Ke kuma uwargida, samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa, da yawan audugar da kika canza kullum, har wata uku, sai dai in abin ya tsananta. Ki tafi da shi asibiti haɗe da kwalayen magungunan da kike sha, har da na gargajiya. Za a gwada jininki, a yi gwajin ciki, a ɗauki hoton mara. In kin fi sakewa da mace, ki nemi likita mace ko ungozoma tun a wurin yankar kati.