Kwana biyu a bakin tabkin Tabalak

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Wanda yake son ya ga teku sai ya yi tafiya mai nisa zuwa kudu, har Kwatano ko Legas, a bakin tekun Atlantika. Amma a Adar akwai tabkuna, kuma na Tabalak yana cikin manyansu. Yana arewa maso gabashin Tawa, kamar kilomita 50, a bakin hanyar kwalta mai zuwa Abalak da Agadas.

Shirin tafiya

A wata makaranta ta garin Tawa, ƴan babban aji sun kafa ƙungiyar yawon daji. Da hutun Disamba ya matso, suka shirya zuwa Tabalak. Malaminsu ya ce: "Ba mai tafiya sai da yardar iyayensa. Ni kuma zan nemi iznin hukuma, don ba a fita daji da yara sai an tabbata hanya lafiya take."

An zaɓi lokacin ɗari don rana ba ta da zafi ƙwarai, kuma sauro ya ragu. Yara 24 ne, da malamai biyu. Aka raba su kashi huɗu, kowane kashi da shugabansa. Kowane yaro ya ɗauki tabarma, da bargo, da malfa, da takalmi mai rufe ƙafa, da gorar ruwa mai cin lita 2. Guzurinsu garin rogo ne, da ƙuli-ƙuli, da dabino, da shinkafa da wake. Malam ya riƙe akwatin magani da fitila.

A kan hanya

Babbar mota ta sauke su da hantsi, saura kilomita 12 a kai mazauninsu. Ta wuce gaba da tukwane da tantuna da manyan jarkokin ruwa. Su kuwa suka bar kwalta, suka kama hanyar ƙafa. Malam ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya, ƙananan yara suna tsakiya. Ba wanda ya isa ya wuce na gaba, ba a kuma barin kowa a baya.

Ƙasar Adar tudu ce da kwari. A bisa tudu akwai baƙin dutse da marmara da fako, inda ruwan sama ba ya shiga ƙasa. A kwari akwai ƙorama da ƙasa mai kyau. Yaran suka ga aduwa da magarya da anza. A cikin gonaki suka ga gawo da ganyensa kore shar, ga sauran itatuwa duk sun fara kaɗewa. Malam ya ce musu gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Shi ya sa ba ya hana hatsi samun rana, kuma ganyensa taki ne ga gona.

A wani fako suka tarar da ramuka masu kama da rabin wata, an jera su layi-layi. Manoma ne suka gina su don su tare ruwan sama. Irin wannan aiki ya bazu a Adar bayan farin 1984, shekarar da aka fara babban aikin raya karkara na Keita.

Autan ƙungiya bai saba da doguwar tafiya ba. Ƙarangiya ta dame shi, ƙishirwa ta kama shi. Tun ba a yi rabin hanya ba ya shanye ruwansa duka, bai gaya wa kowa ba don kunya.

A bakin ruwa

Da azahar suka hango tabki yana walƙiya. Auta ya yar da kayansa, ya sheƙa a guje. Yana shirin faɗawa ruwa sai wani tsohon masunci, mai gyaran koma a gindin bagaruwa, ya daka masa tsawa:

"Kai yaro, tsaya nan!"

"Baba, ƙishirwa nake ji, kuma ruwana ya ƙare."

"To, zo ka sha na butata, an dafa shi. Wancan da kake gani yana da kyau a ido, amma akwai ciwo a ciki."

Malam ya iso, ya gaida tsohon, ya yi masa godiya. Tsohon ya tsinko wata ƴar katantanwa daga jikin ciyawar bakin ruwa, ya ɗora a tafin hannunsa. Ba ta kai ƙwayar gujiya ba. Ya ce: "Ga gidan tsargiya."

Malam ya tara yara, ya yi musu bayani. Mai tsargiya idan ya yi fitsari a tabki, ƙwayayen tsutsa suna fita tare da fitsarin. Sai su ƙyanƙyashe, su shiga jikin katantanwa, su yi yawa a ciki. Daga nan su fito cikin ruwa. Ido ba ya ganinsu. Idan mutum ya shiga wanka, ko wanki, ko kamun kifi, sai su huda fatarsa su shige. Bayan ƴan watanni ya fara fitsarin jini. Waɗansu suna cewa fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne. Yana rage jini, yana sa kasala, yana ɓata mafitsara idan ya daɗe. Akwai maganinsa a gidan likita, amma riga-kafi ya fi magani.

Auta ya sunkuyar da kai. Malam bai yi masa faɗa ba, ya dai ce: "Laifinka ɗaya ne, ka ɓoye. Mai tafiya cikin ƙungiya ba ya ɓoye ƙishirwa, ko ciwo, ko gajiya. Kuma ruwa kurɓi-kurɓi ake shan sa a hanya."

Dare a zango

Suka kafa tantuna a kan tudu, nesa kaɗan da ruwa, don gudun sauro da hanyar dabbobi. Kashi na farko ya gina ramin bayan gida can nesa da tabki. Na biyu ya tsinto busassun itace, bai sare ɗanye ba. Na uku ya share ciyawa kewaye da murhu, ya tara yashi kusa, don iskar hunturu tana iya ɗaukar tartsatsi ta tada gobarar daji. Na huɗu ya yi dahuwa. Ruwan tabki da aka ɗebo, sai da aka tace shi aka tafasa kafin a yi aiki da shi.

Bayan isha'i suka zauna bakin wuta. Malam ya nuna musu Kaza da ƴaƴanta a sama, da tauraron arewa can ƙasa-ƙasa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa. Sa'an nan ya ba su labarin wani sojan Ingila, Baden-Powell. A watan Agusta na 1907 ya kai yara kamar 20 wani tsibiri mai suna Brownsea, a bakin teku, kudancin Ingila. Ya raba su kashi huɗu, suka yi kamar mako guda suna kwana a tanti, suna koyon dahuwa da bin sawu da taimakon wanda ya ji ciwo. Daga wannan zango ne aikin sikawut ya fara, har ya bazu duniya.

Wata yarinya ta ce: "Malam, mene ne bambancin teku da tabki?" Ya ce: "Ruwan teku gishiri gare shi, ba a shan sa, kuma kullum yana cika yana janyewa. Tabkinmu ruwan sama ne da ƙoramu suke kawowa. Da damina ya cika, da rani ya ragu."

Arzikin tabki

Da asuba suka bi gaɓa suna kallo. Masunta suna fitowa da tarwaɗa da karfasa. Masu lambu suna ban ruwan albasa a inda tabki ya janye. Fulani da Abzinawa suna kawo shanu da raƙuma mashaya. Ga balbela da zalɓe da kirinjijiya. Waɗansu agwagin ruwa daga Turai suke zuwa, suna gudun sanyin can. Saboda wannan arziki, a shekarar 2005 aka sa tabkin Tabalak cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Kafin su tashi suka kashe wuta da yashi, suka rufe rami, suka tsince leda da gwangwani. Auta ya kai wa tsohon masunci sauran dabinonsa. Da mota ta iso, shugabannin kashi suka ƙidaya mutanensu, 24 cif.

Ma'anar kalmomi

Fako: ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa.
Koma: ragar kamun kifi.
Gaɓa: bakin ruwa.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.

Tambayoyi

1. Don me aka zaɓi watan Disamba?
2. Wane laifi auta ya yi?
3. Ta yaya tsargiya take shiga jikin mutum?
4. Me ya sa aka share ciyawa kewaye da murhu?

Aiki

1. Yaran suna cin kilomita 3 a awa ɗaya. Awa nawa suka yi a hanya?
2. Lita nawa na ruwa yara 24 suka ɗauka?
3. Ku tambayi iyayenku sunayen tabkunan da ke kusa da garinku, ku rubuta su.