Kalmomin Turanci 5 Da Ke Gargaɗin Mai Waya Kafin A Damfare Shi

Yawancin gargaɗin da ake yi a intanet da Turanci yake zuwa, kuma ba irin wanda ake koyarwa a aji ba. Saurayi zai ga an rubuta "rug pull" a ƙarƙashin tallar wani sabon kuɗin kirifto, ya duba ƙamus ya ga maganar darduma ce, ya wuce ya zuba kuɗinsa. Alhali ce masa aka yi ɓarayi ne. Ga kalmomi biyar da ya kamata duk mai waya ya san ma'anarsu.

1. Phishing

Asalinta "fishing" ce, wato kamun kifi. Ta bazu ne a shekarun 1990, lokacin da ake satar bayanan masu amfani da AOL a Amurka. Ɗan damfara yana jefa ƙugiya ne ta saƙo mai kama da na banki, ya ce an rufe asusun mutum, sai ya danna wani wuri ya saka PIN ko OTP. Banki ba ya neman waɗannan lambobi ta saƙo ko ta kiran waya.

2. Catfish

A ƙamus tarwaɗa ce. A intanet kuwa, mutum ne da ya buɗe shafi da hoton wani don ya yaudari jama'a, galibi da sunan soyayya. Ma'anar ta samo asali daga fim ɗin Catfish na 2010, inda Nev Schulman ya gano cewa budurwar da yake hira da ita a Facebook matar aure ce da ta ari hotunan wata. Kiran bidiyo da binciken hoto a Google Lens sukan tona asirin irin waɗannan.

3. Red flag

Ba tutar wata ƙasa ake nufi ba, alamar haɗari ce. Mai sayar da iPhone a rabin kuɗi, wanda ya ƙi a haɗu da shi kuma ya dage sai an turo kuɗi tukuna, ya nuna alamun guda uku ke nan a ciniki ɗaya.

4. FOMO

Taƙaitawa ce ta "fear of missing out", wato tsoron kada a ci a bar mutum. Ƙamus ɗin Oxford na intanet ya shigar da ita a 2013. Wannan tsoro ne jarin 'yan damfara, shi ya sa suke cewa saura awa biyu a rufe rajista, don kada mutum ya samu damar tambayar kowa.

5. Rug pull

Daga karin maganar Turawa ne na fizge darduma daga ƙarƙashin wanda ke tsaye a kai. Masu kirifto su tallata shi, farashi ya tashi, su kwashe kuɗin su ɓace. A watan Nuwamba 2021 haka ta faru da kuɗin SQUID, wanda ya ari sunan shirin Squid Game ba tare da wata alaƙa da Netflix ba. Farashinsa ya haura dala 2,800, waɗanda suka saya suka kasa sayarwa, sannan ya faɗi kusan sifili cikin mintuna.

Yadda ake gane sabuwar kalma

Google Translate ya fara fassara Hausa tun 2013, amma yakan ba da ma'anar zahiri idan ya ci karo da karin magana. Abin da ya fi shi ne a rubuta maganar gaba ɗayanta a Google, a ƙara "meaning" a ƙarshe. Wanda kuma ya ga mutane biyu ko uku sun rubuta ɗaya daga cikin kalmomin nan a ƙarƙashin wata talla, to ya riƙe kuɗinsa har sai ya bincika. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma kuɗin kirifto idan ya fita, da wuya ya dawo.