Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Birnin Niyok Ke Ba 'Yan Takara Kuɗin Kamfe?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto mana cewa yayansa, wanda ke tuƙa tasi a unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka, ya gaya masa a waya cewa ya ba wata 'yar takarar kansila gudummawar dala 50, sai gwamnatin birnin ta ƙara mata dala 400 a kai. Mai karatun namu yana tambaya: anya haka ne? In kuwa haka ne, ba wata dabara ce ta masu mulki don su cika aljihun 'yan jam'iyyarsu da kuɗin talakawa ba?

Malam, mun gode da wannan tambaya, ta yi mini daɗi ƙwarai. Yayanka bai yi ƙari ko na sisin kwabo ba. A dokar birnin Niyok, duk dala ɗaya da mazaunin birnin ya ba ɗan takarar da ya shiga wannan tsari, baitulmalin birnin zai ɗora dala 8 a kai. Hamsin sau takwas ɗari huɗu ke nan, 'yar takarar ta tashi da dala 450.

Amma ɗorin yana da iyaka, kuma a nan hikimar abin take. Idan takarar kansila ce, dala 175 na farko kawai ake ɗora wa. Idan ta magajin gari ce, dala 250 na farko. Ka ɗauka wani attajiri ya ba ɗan takarar kansila dala 1,000. Birni zai lissafa 175 ne kaɗai daga ciki, ya ɗora dala 1,400, shi ke nan. Yanzu ka ɗauka an sami mutum ashirin, direbobi da masu kitso da masu shagon kayan miya, kowa ya ba da dala 50. Jimillar abin da suka ba da dala 1,000 ce, daidai da ta attajirin, amma su birni zai ɗora musu dala 8,000. Ka ga ɗan takara mai hankali ya san inda ya kamata ya kai ƙafarsa: ƙofa-ƙofa, falon maƙwabta, bakin masallaci da coci bayan an tashi.

Zargin da ka yi cewa masu mulki za su raba wa nasu, zargi ne da duk wanda ya san siyasar uban gida zai yi, kuma ban ga laifinka ba. Sai dai a wannan tsari gwamnati ba ta zaɓar wanda za ta ba. Kuɗin yana bin sawun hannun mutane ne. Inda suka sa nasu, nan na birni yake sauka, ko ɗan takarar na jam'iyya mai mulki ne, ko na adawa, ko ɗan ba-ruwana. Mai kula da rabon wata hukuma ce ta musamman, Hukumar Kula da Kuɗin Yaƙin Zaɓe, mai wakilai biyar. Magajin gari yana naɗa biyu, shugaban majalisar birni yana naɗa biyu, kuma ba a yarda ɗayansu ya ɗauko mutanen nan biyu daga jam'iyya guda ba. Na biyar, wato shugaban hukumar, magajin gari ne ke naɗa shi bayan ya shawarci shugaban majalisa. A Disambar 2024 wannan hukuma ta hana magajin gari mai ci a lokacin, Eric Adams, kuɗin ɗori, bayan an gurfanar da shi a kotun tarayya kan tuhumar da ta haɗa da karɓar gudummawa ta haramtacciyar hanya. Ya musanta, an kuma kori ƙarar a Afrilun 2025, amma hukumar ta ci gaba da riƙe kuɗin bisa nata binciken.

To, me ya kai su ga wannan tun farko? Abin kunya ne ya kai su. A 1986 aka bankaɗo wata babbar badaƙala ta cin hanci a ofishin da ke karɓar tarar masu ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba, har ta ci shugaban gundumar Queens, Donald Manes. Mutanen gari suka ga ƙarara yadda 'yan kwangila da 'yan siyasa suke cin tuwo a kwano ɗaya. A 1988 magajin gari Ed Koch ya sa hannu kan dokar da ta kafa tsarin. Da farko dala ɗaya ake ɗora wa dala ɗaya. Daga baya aka kai ta huɗu, sannan shida, har a 2018 masu zaɓe da kansu suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a mai da ita takwas.

Kada kuma ka ɗauka kowa ya farka da safe ya ce yana takara sai a miƙa masa. Dole ya fara nuna cewa akwai jama'a a bayansa. Mai neman kujerar kansila, daga cikin kujeru 51 na majalisar birnin, sai ya tara dala 5,000 na irin gudummawar da ake ɗora wa, kuma a ciki a sami aƙalla mutum 75 'yan mazaɓarsa da kowa ya ba da dala 10 ko fiye. Mai neman magajin gari sai ya tara dala 250,000 daga mazauna birnin aƙalla 1,000.

Idan ya karɓa kuma, ya ɗaura wa kansa igiya. Akwai iyakar abin da zai kashe. A zaɓen fid da gwani na magajin gari na 2025, iyakar ta kusa dala miliyan 8. Akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai ba shi: a zaɓen 2025, dala 2,100 ce ga mai neman magajin gari, 1,050 ga kansila. Kamfanoni ba su da damar bayarwa sam. Wanda yake da kwangila ko wata harka da gwamnatin birnin an rage masa hannu zuwa dala 400 ga magajin gari, 250 ga kansila, kuma ba a ɗora wa tasa ko anini. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin ya nufi ainihin ciwon, wato mutumin da ke ba da gudummawa yau don ya karɓi kwangila gobe. Mai neman magajin gari da ya karɓi kuɗin birni dole ya fito muhawara a bainar jama'a. Bayan zaɓe kuma masu bincike za su bi takardunsa rasit bayan rasit, abin da ya yi saura na kuɗin jama'a ya mayar.

Zan gaya maka gaskiya, tsarin bai kori manyan kuɗi daga siyasar birnin ba. Shiga cikinsa ganin dama ne, domin tun 1976 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ba za a hana mutum kashe dukiyarsa yadda ya so a kan takararsa ba. Tsohon magajin gari Michael Bloomberg bai taɓa shiga ba. A zaɓen 2009 kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 100 daga aljihunsa. Wani hukuncin na 2010 kuma ya buɗe wa ƙungiyoyi masu zaman kansu ƙofar kashe ko nawa ne wajen tallata ɗan takara, muddin ba su haɗa baki da shi ba. A 2025 irin wannan ƙungiya ta tara sama da dala miliyan 20 don mara wa tsohon gwamna Andrew Cuomo baya a takarar magajin gari. Duk da haka Zohran Mamdani, haifaffen Kampala ta Yuganda, ya tara ƙananan gudummawa har ya cika iyakar da doka ta sa, ya fito ya roƙi magoya bayansa su dakata da turo kuɗi, ya kuma ci zaɓen. Ba na cewa ɗorin ne kaɗai ya ba shi nasara. Abin da nake cewa shi ne, da babu shi, da wuya mutum irinsa ya sami abin biyan ma'aikata da tallar talabijin da zai sa a ji muryarsa tun farko.

Masu suka suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Kuɗin haraji ne, kuma ba kaɗan ba ne: a zaɓen 2021 birnin ya raba sama da dala miliyan 120, wani kaso ya tafi ga 'yan takarar da ba su yi ko kusa da cin zaɓe ba. A nawa ganin, gara jama'a su biya wannan a fili da su biya ninkinsa a ɓoye ta hanyar kwangilolin sakayya. Wasu biranen sun bi wata hanyar. A Seattle, tun 2017, ana aika wa masu zaɓe takardun shaida huɗu, kowace ta dala 25, mutum ya sa hannu ya miƙa wa ɗan takarar da ya kwanta masa, don ko wanda ba shi da abin bayarwa ya sami ta cewa.

Sauran abu ɗaya da nake so ka isar wa yayanka. Babbar hanyar da ake bi a cuci wannan tsari ita ce aron suna: mai kuɗi ya raba wa yaransa dala ɗari biyu-biyu, kowa ya kai da sunansa, don birni ya ɗora sau takwas. Laifi ne babba, ana gurfanar da mutane a kai, kuma baƙi masu neman na kansu su ne aka fi saurin jefawa a ciki, domin suna jin nauyin ce wa maigida a'a. Dokar ta yarda ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin su ba da gudummawa. Wanda ba ya cikin biyun nan kada ya taɓa. In tsabar kuɗi zai bayar, kada ta wuce dala 100, kuma za a ba shi kati ya rubuta sunansa da adireshinsa da aikinsa, ya sa hannu cewa kuɗin nasa ne. Idan wani ya ce masa ya sa hannu kawai, shi zai biya, ka ce masa ya ajiye biron.