Saran Gadu: Ɗan Bakin Rauni, Babbar Ɓarna

Ni likitan dabbobi ne, kuma duk shekara da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, mafarauta sun shiga daji, na san irin baƙin da zan yi. A ranin da ya wuce wani dattijo ya zo mini a kan babur, ya rungumo karensa a cikin buhu. Ya ce, "Likita, gadu ne ya ɗan taɓa shi shekaranjiya, ga shi ya ƙi cin abinci." Na duba gefen cikin, sai ga wata 'yar kafa da ba ta fi shigar ɗan yatsa ba, an cusa mata toka da baƙin mai. Da na aske gashin wurin na buɗe, raunin ya yi tafiyar kusan taƙi guda a ƙarƙashin fata, ya huda hanji. Na ce, "Baba, da ranar kuka zo, da wata maganar ake yi." Karen bai kwana ba.

Mutane suna tsoron manyan haurun nan na sama masu lanƙwasa, alhali na ƙasa ne mugayen. Gajeru ne, amma duk lokacin da gadu ya buɗe baki ya rufe, suna gugar na sama, kullum cikin wasawa suke kamar wuƙar mahauci. Ƙaton namiji yakan haura kilo 100, kuma daga ƙasa yake sara ya ɗaga sama, shi ya sa ciki da ƙirji da maƙogwaro suka fi shan wahala. Ga kuma dabararsa: idan karnuka suka matsa masa, yakan shiga ramin dabgi da baya, kai na kallon waje. Karen da ya fi zuciya shi ke fara cusa kai, shi kuma ake kawo mini.

In abin ya faru a daji, ku fara ɗaure bakin karen da tsumma, domin zafin ciwo kan sa ya ciji ubangidansa. Sai dai in numfashi na yi masa wuya, to a bar bakin. A danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya. Raunin da bai yi zurfi ba a wanke shi da ruwan da aka zuba wa ɗan gishiri. In hanji ya fito, kada a tura shi ciki, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a naɗe. In kuma kun ji iska na huci ta ƙirji, ku rufe kafar da leda mai tsabta, ku kama hanya. Kada a ɗinke da zare da allura, ƙazanta ce za a kulle a ciki ta yi mugunya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganin mutane. Na sha jin an ce, "Ai mun ba shi farasitamol," ko irin ƙwayoyin ciwon jikin nan na kemis. Waɗannan suna iya lalata hantar kare da ƙodarsa, wani sa'in su suke ƙarasa abin da gadu ya faro. Ɗanyen naman gadu ma a daina jefa wa karnuka, yana ɗauke da tsutsar da ke shiga tsoka.

A Turai da Amurka masu farautar aladen daji sukan sa wa karnukansu riga mai tauri da ke rufe wuya da ƙirji. Mu nan muna da dukawa, faffaɗan ƙirgi mai kauri a wuya zai rage asara ƙwarai.

Ina roƙon Sarakunan Baka su isar wa jama'arsu: a yi wa kowane kare allurar haukan kare duk shekara kafin a fita daji, kuma wanda gadu ya sara a kawo shi a ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa.